Hoton Ƙirjin Alhaji Tukur Mai Masara

Bara aka kawo mana sabon inji, aka haɗo mana da samari biyu masu satifiket na makarantar kiwon lafiya. Ɗayansu ya leƙa tsohon ɗakin duhu, ya toshe hanci, ya ce, "Baba Sale, wai a nan kuka ƙare rayuwarku? Ai hoton ƙirji danna maɓalli ne kawai." Na ce madalla, Allah ya ƙara ilimi. Ashe duk shekarun da ruwan wankin fim ya yi yana cin farcena, maɓalli ne ban iya dannawa ba. Ɗayan kuma ya nuna mini a wayarsa, wai yanzu kwamfuta na kallon hoton huhu ta gaya wa likita ko kansar da ke ciki za ta ji gashi ko ba za ta ji ba, tun ba a kunna injin gashin ba. Ya tsaya yana jira in faɗi sumamme. Na ga wannan da idona, samari, na kuma ga abin da mutum ya yi da amsar da aka ba shi. Tunda karatu bai bar muku lokacin tambaya ba, ga shi a rubuce.

Aikina na farko a wannan asibitin shara ce, don makarantata a aji uku na sakandare ta tsaya. Mai ɗakin hoto a lokacin Oga Bitrus ne, mutumin Kudancin Kaduna, gajere mai tumbi, wanda ya zo Birnin Gwari da niyyar shekara ɗaya ya ƙare da jikoki. Ya lura ina share bayan inji, ba gabansa kaɗai ba, sai ya ce in shigo. Kada ku ɗauka inji ya ba ni. Ɗakin duhu ya jefa ni, wani ɗan kurkuku marar taga, da jar fitila mai hasken garwashi, da tankuna uku: na fito da hoto, na ɗauraya, da na kama hoto kada ya gudu. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ban taɓa maɓallin da kuke taƙama da shi ba. Aikina in zaro fim daga kwali, in saka a kaset, wato faffaɗan akwatin da mutum ke manna ƙirjinsa a jiki, in rufe, in miƙa ta 'yar kafa. A gefe ake riƙe fim. Ranar da na kama tsakiyarsa da hannu mai gumi, Oga ya ɗaga hoton ya nuna mini zanen yatsana a cikin huhun wata tsohuwa.

"Sale, wannan ciwo me sunansa?"

Na ce ban sani ba, Oga.

"Sunansa Sale. Da likita ya gani, mama sai ta yi ta shan magani don ta warke daga babban yatsanka."

A bazara ruwan tanki kan yi ɗumi kamar shayi, fim ya ƙone baƙi ƙirin kafin ka ƙifta ido. Ƙanƙara kuwa sai a mafarki. Sai mu dasa tankin cikin jiƙaƙƙen yashi yadda mata ke dasa randa. Janareta sai ya ga ka danna yake fara tari, ƙarfin wuta ya faɗi, hoto ya fito kamar an ɗauki hayaƙi. Kaurin mutum da ido ake auna shi. Manomi busasshe daga Damari ba a ba shi wutar da ake ba ɗan kwangila mai ƙirji kamar buhun gishiri. In ka kuskure fim ya tafi, kuma daga Kaduna yake zuwa, ta hanyar da kuka sani. Ku yanzu in hoto ya lalace sai ku goge ku sake kuna dariya, kun manta wutar da kuka zuba wa mutum ba ta goguwa.

Wani dattijo daga Gwaska ne ya koya mini cewa ladabi ma yana ɓata aiki. Na tsayar da shi, ƙirji a kaset, hannu a ƙugu, kafaɗu gaba. Na ce, "Baba, ja numfashi, ka riƙe, kada ka saki." Ya ja, ya riƙe, ina dannawa ya ce, "To, ranka ya daɗe." Mutumin kirki ne, an yi masa magana, dole ya amsa. Haƙarƙarinsa ya fito bibbiyu. Na sake saka fim, na ce wannan karon kada ya amsa. Ina dannawa ya ce, "To, ba zan amsa ba." Oga ya fito yana goge hannu, ya ce in gama maganata, in bar baba ya gama ladabinsa, sannan in buga tebur a madadin baki, don tebur ba a amsa masa. A wane littafinku aka rubuta wannan?

Ga kuma layu. Ka ce mutum ya cire komai, ya rantse ya cire, hoto ya fito da allura da zobe da ɗan kwaɗon ƙarfe zaune a kan zuciyarsa. A shekarun nan da daji ya lalace, har mai wa'azi a kan layu za ka same shi da ɗamara a hammata. Ban ga laifinsu ba. Ni ma da na san wadda ke aiki da na ɗaura.

Alhaji Tukur mai masara ya fara zuwa mini a wata bazara, bayan Oga ya yi ritaya ya bar mini ɗakin. Dogo ne, mai sito a bakin kasuwar hatsi, maƙwabcinmu tun ina yaro. Ya sha taba shekaru kafin ya je Makka ya bari, ƙurar masara kuwa bai bari ba. Tari ya kawo shi, da ɗan jini-jini. Hoton ya fito tas, kowane haƙarƙari a wurinsa, irin wanda in ka shanya sai ka sake komawa ka kalla. A saman huhun dama akwai farin tabo kamar ƙaramin goro. Likitan da muke da shi a lokacin, wanda ba zan kira sunansa ba, ya ɗaga fim ɗin a taga yana amsa waya, ya ce tarin fuka ne. A garin nan duk tari tarin fuka ne, sai ka mutu a fara tunanin ko wani abu ne daban. Na saka fim a ambulan na miƙa masa.

Na ce, "Alhaji, a adana wannan. Kada a naɗe, kada a bar shi a rana. Wata rana za a neme shi."

Ya ce, "To, likita." Haka yake kirana in yana son tsokana.

Sai shekarar ta lalace. 'Yan bindiga suka riƙe hanyar Kaduna, aka datse layin waya, aka hana sayar da mai a jarka don kada ya shiga daji. Mai bai daina shiga daji ba, janaretanmu ne ya daina sha. Na rufe ɗakin hoto, na zauna ina kallon tankuna suna bushewa, ana shigo da mutane da harsashi a cinya likita na laluben inda yake da yatsa. Wannan ita ce shekarar da na gane cewa duk gwanintata jarka ɗaya ce ta fetur.

A ƙarshen damina Alhaji ya shanye maganin tarin fuka kaf, ya rame kamar sandar makiyayi, jinin ya ƙaru. Wani sabon likita ya dube shi ya ce a kai shi babban asibiti a birni, inda ke da injin gashi. Babban ɗansa Nasiru, magidanci mai difloma a harkar kasuwanci, ya zo ya ce in raka su, tunda na san yaren asibiti kuma ba ni da aikin yi. Na biyun gaskiya ne.

Tafiyar a ayari ake yi, da safe, sojoji a gaba. Ba mai magana a mota, kowa idonsa na kan bishiyoyi, kuma direba ya riga ya faɗa cewa ko taya ta fashe ba zai tsaya ba. Muna tsakiyar daji Alhaji ya kama hannun rigata.

"Sale, ka ji ni da kyau. Ba mutuwa nake tsoro ba. In na mutu a can, a can za su binne ni kafin la'asar, cikin baƙi, don babu direban da zai ɗauko gawa a hanyar nan. Akwai wuri kusa da mahaifina, na sa an bar mini. Can nake so."

Na ce Allah ya ba da lafiya. Ya ce, "Ban tambaye ka addu'a ba, cewa na yi ka ji."

Injin can ba irin nawa ba ne. Kwantar da mutum ake yi a tura shi cikin zobe, inji ya yayyanka shi a hoto kamar burodi ba tare da wuƙa ba. Siti suke ce masa. Aka kuma soka allura aka ciro ɗan nama aka auna. Likitar da ta karɓe mu, Dakta Maryam, yarinya ce a ido, amma ba ta kewaye-kewaye. Ta ce kansar huhu ce, goron nan ya zama kamar lemo, sai dai bai tsallaka wani wuri ba tukuna. Ba za a iya yanka ba saboda inda ya zauna. Gashi za a yi. Kada ku yi tunanin tsumma da ruwan zafi. Wuta ce irin tawa, amma mai ƙarfin kashe nama, ana auna ta kan ciwon kullum-kullum har wajen wata ɗaya da rabi.

Nasiru yana ta ƙifta mata ido don kada ta faɗa a gaban uban. Alhaji ya ce, "Bar ta. Ƙirjina ne ko naka?" Sai ya juya gare ta. "'Yata, ni ɗan kasuwa ne, ba na sayen buhu ban soka shi ba. Zai ji ko ba zai ji ba? In zai ji, in kwanta. In ba zai ji ba, a mai da ni gida tun ina iya zama a mota."

Ta juyo mana da fuskar kwamfuta. Nan na ga abin da kuke nuna mini a waya. Ta zagaye ciwon da layi, yanka bayan yanka, inji na aunawa: girmansa, bakinsa sumul ne ko ya yi saiwa, cikinsa na samun jini ko tsakiyar ta mutu. Abin da ya ba ni mamaki, ta ce mai rai da jini shi ya fi jin wuta, wanda tsakiyarsa ta mutu shi ne mai taurin kai. Kwamfutar kuma tana gwada hotonsa da na mutanen da aka riga aka gasa, waɗanda aka san yadda suka ƙare.

"Ba duba ba ne, Baba," in ji ta. "Hasashe ne, kamar yadda manomi ke kallon hadari. Naka ya tsaya a tsakiya. Bakin ya yi mini kyau, cikin bai yi mini ba. Da zan san saurin da ya yi girma, da ya taimake ni. An taɓa ɗaukar hotonsa a baya?"

Na gyara tsayuwa. Na ce, "An ɗauka, Dakta. Ni na ɗauka, a bazara. Yana gida a ambulan."

Nasiru ya ɗaga kai yana kallon fanka kamar yau aka ƙirƙiro ta.

Babu waya da za a ce a aiko, sai na bi ayari na koma da kaina. Nasiru ya yi ta cewa, "Kawu Sale, ba sai an wahala ba, hanyar nan ba kyau." Na ɗauka tausayina yake ji. Hajiya, matar Alhaji, ta zazzage akwati da ƙarƙashin katifa, ambulan na nan, fim babu. Sai wani leburan Alhaji ya ce, "Wannan baƙar ledar mai tauri? Ai tana sito."

A rataye na same shi a ƙusa, ya sha shuɗin fenti. Kun san kowane ɗan hatsi yana buga harufan sunansa a buhu don kada kaya su cakuɗe a babbar mota. Da kwali ake yanka harufan a ɗora a shafa fenti, amma kwali na jiƙewa ya yage. Fim ba ya jiƙewa, ba ya yagewa. Mai difloma ne ya gano wannan, kuma in faɗi gaskiya dabara ce, don har wasu 'yan kasuwa sun fara tambayar 'yan uwansu ko akwai wanda ya taɓa karyewa. Ya sa reza ya yanka harufa uku daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Na farkon ya zauna daidai saman huhun dama, ya tafi da goron ɗungurungum, sai ɗan gefensa kamar yankakken farce. Na zauna a kan buhu da auduga da kalanzir ina gogewa a hankali, ina ta zagin da ba zan rubuta ba.

Da na dawo na ajiye shi a kan gadon Alhaji, Nasiru ya ce, "Kawu, wallahi an ce tarin fuka ne, kuma ya sha magani. Na ɗauka an gama da shi."

Na ce, "Ka kyauta. Ko ba komai, buhu ɗaya bai ɓata ba."

Alhaji ya ɗaga fim ɗin, ya leƙo ɗansa ta cikin ramin harafin, ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Da na san haka difloma take, da jaki na saya."

Dakta Maryam ba ta yi dariya ba. Ta manna shi a allon haske, ta duba ɗan farcen da ya rage, ta cire. "Ba zan auna rami in ce maka na auna ciwo ba, Baba."

Alhaji ya sauko da ƙafafunsa yana laluben takalmi. "To shi ke nan. Ba ki sani ba, ni ma ban sani ba. Gida."

"Tsaya. Kai ka ce kana soka buhu, to mu soka. Mu fara gashi. In mun kai wajen rabi, in sake ɗaukar hoto. Yadda ciwo ya amsa a farko yakan nuna inda za a ƙare, ya ma fi tsohon hoton faɗin gaskiya. In bai motsa ba, ni da bakina zan ce ka tafi."

"Kuma ki nuna mini da idona."

Ba ta so ba. Amma ta ce za ta nuna masa. Daga baya na gane dalili. Ba al'adarta ba ce ta nuna wa majinyaci hoton tsakiyar aiki, rezar Nasiru ce ta tilasta mata wannan cinikin.

Gashin farko na tsaya a bakin ƙofa ina kallo, don mai sana'a ba ya iya kawar da kai. An zana masa alamomi da tawada a ƙirji da haƙarƙari, aka ce ko da wanka kada a goge. Kullum a kwantar da shi yadda aka kwantar da shi jiya, hannu sama, a matsa shi nan, a ɗan juya shi can, har jan haske ya zauna kan alama daidai. Kwantarwar ta fi gashin daɗewa. Na ce a raina, su ma nan ashe maɓalli kawai suke dannawa. Alhaji ya fito yana ƙorafi, wai wane irin gashi ne ba zafi ba hayaƙi, ko an manta ba a kunna ba. Bayan kwanaki haɗiya ta fara yi masa wuya, sai koko, ya daina ƙorafin. Amma jinin ya tsaya. Tarin ya ragu. Wata safiya ya ce shi tuwo yake so da miyar kuka, ba ruwan ɗumi da ake kira abinci ba.

Labarin gida a bakin direbobi yake zuwa. Kaka ta yi. Ɗan abin da aka samu aka fitar daga Damari da Saminaka wasu 'yan kasuwa na ta kwasa, ƙannen Nasiru kuwa ba su bambance busasshiyar masara da ɗanya sai ta yi tsiro a sito. Alhaji na ji yana girgiza ƙafa.

Ranar hoto na biyu Dakta ta jera hotunan gefe da gefe. Ko wanda bai taɓa shiga asibiti ba zai gani. Lemon ya koma kamar dabino. Na ga murna a fuskar Dakta irin ta mai sana'ar da aiki ya yi wa kyau.

"Baba, yana ji! Irin amsar da nake nema ke nan. Kwamfuta ma ta koma ɓangarenka. In muka ƙarasa, ina da kyakkyawan zato sosai."

Ya ce a buga masa su a fim ɗaya, na da da na yanzu. Aka buga. Ya riƙe, ya kalla, ya ce, "Alhamdu lillahi. Nasiru, haɗa kaya."

Dakta ta ce, "Baba, ina za ka?"

"Gida mana. Ke kika ce yana ji."

"Na ce yana ji, ban ce ya mutu ba. Wanda ya rage shi ne mai taurin kan. In ka tafi yanzu zai dawo, kuma ba da sallama zai dawo ba."

"Rabi ya tafi da wutarki. Sauran Allah zai ƙarasa, ga zuma ga habbatussauda."

"Ba haka muka yi ba. Ka ce in zai ji za ka kwanta."

"Ai na kwanta, 'yata. Har bayana ya yi kanta."

Ta roƙi Nasiru, Nasiru ya koma kallon fanka. Ta juyo gare ni ta ce, "Malam Sale, kai ma'aikacin lafiya ne, ka gaya masa." Karo na farko ke nan da wani a babban asibiti ya kira ni haka, kuma don a tura ni in ture bango ne. Na bi shi baranda na gaya masa ba kara. Na ce, "Alhaji, in ka tafi ka kashe kanka da hannunka. Mutane na kwana a layi suna neman a ce musu abin da aka ce maka yau."

Ya ce, "Kai ne za ka koya mini hoto? Naka ba tarin fuka aka karanta a ciki ba?"

Sai ya nuna mini gadon da ke kusa da nasa ta taga, an cire zanin an kife katifar. Wani manomi ne daga wajen Kwantagora ya kwanta a kai, suna hira kullum, shekaranjiya zuciyarsa ta tsaya. "Shi ma an ce masa yana ji, Sale. Ka san waɗanda suka yi masa salla? Masu gadi da mai shayi. Matarsa ba ta ma sani ba tukuna. Yau ina iya zama a mota. Wa ya ba ni tabbacin wata mai zuwa? Ita da bakinta ta ce hasashe ne."

Na ce hasashen ai a wajenka yake.

Ya ce, "Na sani. Shi ya sa zan tafi da shi tun yana wajena."

A gaban mota ya zauna, tawadar na nan a ƙirjinsa, fim ɗin a kan cinya ya dafe da hannu biyu har muka fita daga daji.

Kakar nan Alhaji ya yi ta a ƙofar sito, a kujerarsa, har ya ɗan yi kumatu. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya zaro fim ya ɗaga a rana. "Ga shi da, ga shi yanzu." Mutanen da ba su san huhu da hanta ba sai a tukuba suna ta gyaɗa kai suna salati. Mai zuma na bakin tasha ya yi kasuwar da bai taɓa yi ba, don a gari cewa aka yi zuma ce ta cinye ciwon, ga hoto shaida. Dakta da injinta ba wanda ya ambata. Ni ma an tuna da ni sau ɗaya, lokacin da wani ya zo tambaya ko ina da tsohon fim da ba na so.

Zafi na fara shigowa ya daina fita. A lokacin an bar mu mu sayi mai, fim ya iso, na buɗe ɗakina. Na je gaishe shi da hantsi. Yana zaure a kan tabarma, an jingina shi da matasai don ba ya iya kwanciya, wuyansa ya kumbura, murya ta dishe. A gefensa akwai gwangwani an rufe da tsumma. Na san abin da ke ciki, jinin tari ne.

Na ce, "Alhaji, inji ya tashi. A kawo ka in sake ɗauka, mu ga inda ake. Ko Dakta za ta iya wani abu."

Ya lalubi bayan matashi ya zaro fim ɗin. Gefensa duk ya cinye saboda hannu. Ya ɗaga shi wajen hasken ƙofa.

"Zo ka gani, likita. Wannan bai yi kyau ba?"

Na ce ya yi kyau, Alhaji.

"To ina da mai kyau. Me zan yi da sabo?"

Ya mayar da shi. Ya huta, ya ce in zan koma in bi ta maƙabarta in duba masa ko wani ya shige wurin, don a shekarar ana binne mutane da yawa, kuma masu haƙa ba sa tambaya. Na bi. Wurin na nan, ciyawa ta bushe a kai. Na sa ƙafa na share, na jera duwatsu, na dawo na gaya masa.

Kafin ruwan farko muka kai shi. Daga ƙofar gidansa zuwa gefen mahaifinsa a kafaɗa aka ɗauke shi, ba a nemi direba ba.